Yadda Guntuwar Waya Ke Tsayar Da Kwamfuta Ɗari: Amsa Ga Mai Sauraronmu Na Mashi

Wasiƙar da muka ɗauko wannan makon ta fito ne daga Mashi, garin nan da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura. Mai wasiƙar ɗan kasuwar hatsi ne, yana kuma da ɗan shagon POS da ƙanensa ke tsare masa a bakin tasha. Bayan gaisuwa da jinjina ga ma'aikatan wannan fili, ya ce yaronsa da ya kai koyon aiki a wata cibiyar kwamfuta a birnin Katsina ya dawo gida ido jawur. Wai yana shara ne ya ga wata guntuwar waya tana lilo, ya zaci cirewa ta yi, sai ya cusa bakinta a cikin akwatin da ya ga sauran wayoyin sun shiga. Ashe ɗaya bakin nata ma yana cikin akwatin nan. Kafin ya ajiye tsintsiya kwamfutoci sama da ɗari sun tsaya cik, ga shi yanzu mai wurin na cewa sai uban ya biya ɓarna. Shi ne yake tambaya: shin yaya wayar da ba ta fi kamu biyu ba za ta yi wannan aika-aika? Ya ƙara da tambaya ta biyu, wai me ya sa ranar kasuwa kira ke shiga, amma kuɗin da aka tura ya maƙale a hanya?

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa. Da farko dai ka kwantar da hankalinka, bisa yadda ka kwatanta abin babu na'urar da ta ƙone, zare wayar nan shi ne maganin. Amma tun da ka tambaya sai mu ɗauko maka zancen daga tushe, domin tambayoyin naka biyu tsofaffi ne, sun girmi kwamfutar kanta.

Wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku ta haɗa Ikko da Landan tun shekara ta 1886, daga baya Turawa suka ja ta zuwa Arewa. Dattawanmu sun san zamanin da in an ce an bugo wa mutum waya sai gabansa ya faɗi, don ba a cika bugowa a kan ƙaramin abu ba. Wayar nan ɗaya ce, masu son aika saƙo kuwa da yawa, saboda haka tun farko aka yi ta jayayya a kan wa zai fara. A ranar 17 ga Mayu 1865 ƙasashe 20 suka zauna a birnin Paris suka sa hannu a kan yarjejeniyar tangaraho, wadda ta raba saƙonni gida uku: na gwamnati, na ma'aikatar waya, da na sauran jama'a, kuma a wannan jeri ake aika su. Ka riƙe wannan a ranka, za mu komo kansa. Da tarho ya zo sai aka ajiye ma'aikaci a gidan waya, gabansa allo mai ramuka, ka ɗaga kan tarho ka faɗa masa wanda kake nema, shi kuma ya soka waya ya haɗa ku. Wannan ma'aikaci shi ne kakan akwatin da yaronka ya taɓa.

Akwatin nan masu aikin na ce da shi suwic, mu kuma bari mu kira shi akwatin rarraba saƙo. Asalinsa daga wata dabara ce mai suna Ethernet, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a ɗakin bincike na kamfanin Xerox a Amurka cikin 1973. A wancan lokaci babu akwati. Waya ɗaya ce mai kauri ake shimfiɗawa a gini, kowace kwamfuta ta jingina da ita. Dokar kamar ta zaman majalisa ce a gindin itace: ka saurara, in ba mai magana ka yi taka, in kuwa kun fara tare da wani sai ku duka ku yi shiru, kowa ya ɗan jira, sa'an nan a sake. Mutum goma za su iya wannan zama. Mutum ɗari biyu kuwa sai hayaniya. Ita wayar ma tana da iyaka, tsawonta ba ya wuce mita 500.

Sai injiniyoyin wani kamfani mai suna Digital Equipment Corporation suka fito da wata na'ura a farkon shekarun 1980, suka kira ta gada, don tana haɗa waya da waya. Gadar nan tana da wayo guda. Kwamfuta ba ta aika saƙo a dunƙule, yanka shi take yi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da lambar mai aikowa da ta wanda za a kai wa. To duk ƙunshin da ya shigo, gada na duba lambar mai aikowa ta rubuta a littafinta cewa wane yana ta wannan ƙofa. Gobe in saƙonsa ya zo ta san inda za ta miƙa. In kuwa ba ta san mutumin ba, ko kuma saƙon na kowa da kowa ne, sai ta yi abin da sanƙira ke yi: ta fitar da shi ta kowace ƙofa, ban da wadda ya shigo. Akwatin rarraba saƙo na yau gada ce mai ƙofofi da yawa, 8 ko 24 ko 48. Wani kamfani mai suna Kalpana ne ya fara sayar da irinsa wajen 1990, kamfanin Cisco ya saye shi a 1994.

A nan ne fa gizo ke saƙar. Yaronka ya haɗa ƙofa biyu na akwati ɗaya da waya ɗaya. Shela ta taso daga wata kwamfuta, akwati ya fitar da ita ta kowace ƙofa, har da waɗannan biyun. Wadda ta fita ta ƙofar farko ta shigo ta ta biyu, wadda ta fita ta ta biyu ta shigo ta ta farko. Akwati bai san tasa ce ta dawo ba, sai ya ɗauka sabuwa ce, ya sake shelanta ta. Ita kuma ta sake dawowa. Ka san ƙugin nan da lasifika ke yi a wurin biki ko taron siyasa in mai magana ya matsa kusa da ita, muryar ta fita ta koma cikin makirfo ta sake fita har kunne ya toshe? To shi ne. Abin da ya ƙara ɓata al'amarin shi ne waɗanda suka tsara ƙunshin Ethernet ba su sa masa wa'adi ba, don a lokacinsu waya ɗaya ce miƙaƙƙiya, babu inda zai zagaya. Saboda haka ƙunshin ba ya mutuwa. Kowace sabuwar shela ta shiga gewayen ta tarar da 'yan'uwanta, ba mai fita. Ƙofa ɗaya ta akwatin zamani na iya tura ƙananan ƙunshi kusan miliyan ɗaya da rabi a sakan guda, ka ga ke nan ba a ɗaukar lokaci kafin hanya ta cushe. Littafin akwatin ma ya rikice, don yanzu ya ga wane ta wannan ƙofa, yanzu ya gan shi ta waccan.

Watakila ka ce, to a hana haɗa waya biyu mana, a huta. Ai ba ta yiwuwa. Kai ɗan kasuwa ne, ka san darajar hanya ta biyu. In ruwa ya cinye kwalbati da damina, direban da ya san wata hanya ta cikin ƙauyuka shi ke kai kaya kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, sauran su kwana a bakin rafi. Haka banki ko asibiti ko jami'a, da gangan suke ja wa kowane akwati waya biyu ta wurare dabam, don in ɓera ya ci ɗaya ko mai haƙa lambatu ya sare ta, aiki ya ci gaba. Amma hanya biyu tsakanin wuri biyu gewaye ne. Abin da ake so don tsaro shi ne kuma abin da ke kisa.

Wadda ta warware wannan ƙulli wata mace ce, Radia Perlman, masaniyar lissafi da ta yi karatu a jami'ar MIT, tana aiki a kamfanin Digital ɗin nan. Ta wallafa dabarar tata a 1985. Ita da bakinta ta sha ba da labari cewa mako guda shugabanta ya ba ta, ta gano amsar tun ranar farko, ta rubuce ta cikin 'yan kwanaki, sauran lokacin kuma ta ɓata shi wajen rubuta wata 'yar waƙa a kan aikin, mai suna Algorhyme, da ta liƙa a gaban takardar.

Dabarar tata ita ce akwatunan su mai da kansu itace. Dubi kuka ko gawo: daga gindi sai rassa, daga rassa sai ƙanana, amma ba ka taɓa ganin reshe ya zagayo ya koma cikin ɗan'uwansa ba. Daga kowane ganye zuwa gindi hanya ɗaya ce tak. Ko kuma ka dubi tsarin sarautarmu. Saƙo ya taso daga fadar Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Kowane mai unguwa dagacinsa ɗaya ne, shi ya sa umarni ba ya dawowa fada a matsayin sabon labari.

Ga yadda suke yi. Da an kunna su, kowane akwati sai ya fara aika wa maƙwabtansa 'yar takarda yana cewa ni ne gindi, ga lambata. Wanda ya ji lambar da ta fi tasa ƙanƙanta sai ya janye, ya koma yaɗa sunan mai ƙaramar lambar, tare da faɗin nisansa da shi. Ba a jimawa kowa ya amince da gindi ɗaya. Daga nan kowane akwati ya zaɓi ƙofar da ta fi kusa da gindi ya bar ta a buɗe, duk wata ƙofa da za ta jawo gewaye kuma a toshe ta. Ba cire wayar ake yi ba. Mai lambu ya san wannan: ka haƙa magudana biyu zuwa fangali, ka danne ɗaya da curin ƙasa, in ta farko ta rushe ka sa fartanya ka buɗe ta biyu. Ƙofar da aka toshe tana nan tana kasa kunne. Duk bayan sakan 2 takardar gindi na zagayowa. In aka yi sakan 20 ba a ji ɗuriyarta ba, sai a san wani abu ya faru, a sake lissafi, a buɗe hanyar ajiya. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mai da wannan doka ga kowa a 1990, da lamba 802.1D.

Akwai wani abin dariya a ciki. In mai kula da wurin bai zaɓi gindi da kansa ba, akwatunan kan koma ga lambar da masana'anta ta buga musu, kuma sau da yawa tsofaffin akwatuna ne ke da ƙananan lambobi. Sai ka ga wani tsohon akwati da aka manta da shi a bayan kabad ya zama sarki, duk saƙon ma'aikata na bi ta kansa, kowa na ƙorafin sanyin aiki ba wanda ya san dalili.

Kada ka zaci da zuwan dabarar nan an rabu da Bukar. Ranar 13 ga Nuwamba 2002 wani babban asibiti a birnin Boston na Amurka, Beth Israel Deaconess, ya faɗa irin ramin da yaronka ya faɗa, alhali akwatunansu masu tsada ne kuma dabarar Perlman na aiki a cikinsu. Asibitin ya yi shekaru yana girma, ana ɗora akwati a kan akwati, har jerin ya wuce tsallake 7 da aka tsara lissafin a kai. Da wani mai bincike ya saki bayanai masu yawa a hanya, lissafin ya kasa kammaluwa, saƙonni suka shiga zagaye. Kusan kwana huɗu likitoci suka koma biro da takarda, ana yawo da sakamakon gwajin jini a hannu daga bene zuwa bene. Shugaban sashen kwamfuta na asibitin, John Halamka, bai ɓoye ba, ya fito ya bayyana wa duniya abin da ya faru don wasu su gyara. A ganinmu wannan shi ne abin yabo a labarin. In ƙwararrun Boston sun yi kwana huɗu suna lalube, bai kamata a ɗora wa ɗan koyo mai tsintsiya laifin duka ba.

An ci gaba da gyare-gyare. Tsarin farko kan ɗauki sakan 30 zuwa 50 kafin ya buɗe hanyar ajiya, wanda a banki tamkar shekara ce, sai aka fito da mai sauri a 2001 da ke gamawa cikin 'yan sakanni. An kuma koya wa akwati ya rufe ƙofa da kansa in ya ga takardar gindi ta shigo ta inda kwamfuta kaɗai ya kamata ta kasance, ko in shela ta wuce kima. Ita Perlman ba ta taɓa ɓoye cewa toshe hanya mai kyau asara ba ce, daga baya ma ta tsara wata dabara mai suna TRILL da ke sa wa ƙunshi wa'adi, a yi amfani da duk hanyoyin.

To ga inda maganarka take. Akwatuna iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai araha, wanda ake sokawa kawai ya kama aiki, yawancinsu ba su da wannan kariya. Akwai kuma wanda ake shiga cikinsa a saita, shi ke da ita, in an kunna. Wurin da ke da kwamfuta ɗari, musamman irin waɗanda ɗalibai ke zana jarrabawa a ciki tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, bai dace ya dogara da na farko ba. Ka je da wanda ya san aikin ku zauna da mai wurin cikin mutunci, a tambaye shi wane iri ya saya, kuma wace na'ura ce ta lalace. Alamar gewaye ba ta ɓuya: fitilun ƙofofin duka su riƙa ƙiftawa tare babu tsayawa. A bi wayoyin a zare ɗaya bayan ɗaya, da an zo kan mai laifin sai su lafa.

Sai tambayarka ta biyu. Ka tuna jerin nan na 1865? Bai mutu ba. Sojojin Amurka na da nasu matakan gaggawar saƙo, kuma da aka rubuta ƙa'idar intanet a 1981 an bar wa kowane ƙunshi gurbin da za a rubuta matsayinsa. Shi ƙunshin Ethernet sai a 1998 ya sami nasa, matakai takwas, daga 0 zuwa 7. Akwati mai hankali na da layuka a kowace ƙofa, yana duba wannan tambari ya san layin da zai sa ƙunshi. In hanya a sake take babu ruwan kowa da tambari. Sai an cushe ne ake sanin babba.

Wa ake sa wa gaba? Kai ka fi mu sani. In mota ɗaya ce a tasha, ga kwandunan tumatir ga buhunan gero, tumatir ake fara lodawa, ba don ya fi gero daraja ba, sai don gero na iya kwana. Murya tumatir ce. Masana sun auna cewa in ta makara fiye da kashi 150 cikin 1000 na sakan, hira ta fara lalacewa, ku riƙa cin karo da juna a baki. Ƙunshin murya da ya makara ba shi da sauran amfani, zubar da shi ake yi. Hoto ko takarda kuwa gero ne, in ƙunshi ya ɓata sai a sake aiko shi. Gaba da murya ma akwai takardun nan da akwatunan ke aika wa juna, don in su suka maƙale itacen ya rushe. Kuma ba a yarda kowa ya buga wa kansa tambari, akwatin bakin ƙofa kan goge ya sa wanda ya dace. In kowace mota ta ɗaura jiniya, motar asibiti ba ta da sauran hanya.

Wayar salula ma haka take. Tun da GSM ta shigo Nijeriya a Agustan 2001, lokacin da layukan tarho a ƙasar duka ba su wuce kimanin 400,000 ba, tsarin na ware wa kira gurbinsa har a gama magana, bayanai kuma su raba abin da ya saura. Ranar kasuwa mutanen ƙauyuka sun taru a ƙarƙashin ƙarfen sabis ɗaya, wanda jiya mutanen gari kaɗai yake ɗauka. Na'urar POS ɗin ƙanenka na cikin masu rabon saura.

Amma kada mu ɗora wa ƙarfen Mashi komai. Kira daga Mashi zuwa Daura gajeriyar tafiya ce. Kuɗi kuwa sai sun tashi daga na'urar zuwa kamfanin da ya ba da ita, su bi ta cibiyar da ke sasanta tsakanin bankuna, su isa bankin mai kati, amsa ta biyo sawu ta dawo, kuma kowane zango na da nasa layi da nasa wa'adi. In bankin ya cire kuɗi amma amsar ta makara a hanyar dawowa, na'ura ta ce ba a yi ba, mai kati ya ga an zare masa. Kowa ya ɗanɗana wannan a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1000, da jama'a suka rasa tsaba suka afka wa tura kuɗi ta waya gaba ɗaya. Fifiko ba ya faɗaɗa hanya, zaɓen wanda zai jira kawai yake yi.

Ranar 14 ga Maris 2024 kuma aka ga ɗaya fuskar. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa kusan lokaci ɗaya, bankuna da dama a Nijeriya suka shiga wahala. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu hanyar ajiya a kan wasu wayoyin da ba su yanke ba, irin su Glo-1 da Equiano. Tsakanin ƙasa da ƙasa ba dabarar itace ake amfani da ita ba, wata ce dabam, kuma shi ƙunshin intanet yana da wa'adi, kowane zango na rage masa ɗaya har ya ƙare a jefar da shi. Shawararmu ga ƙanenka ita ce ya riƙe layin kamfani biyu, in da hali na'ura biyu ta kamfani dabam-dabam. In na'ura ta ce ba a yi ba alhali an cire wa mutum kuɗi, kada ya yi ta maimaitawa, ya ba shi rasit ɗin da ta fitar, shi ma ya rubuta lambar da ke jiki da lokacin a littafinsa, don da ita banki zai bi sawun kuɗin.